Yadda Ake Lura da Cin Abinci da Lafiyar Ɗan Kyanwa a Watanninsa na Farko

A yawancin gidajen Kaduna ɗan kyanwa ba ya zuwa da shiri. Ko dai yara su tsinto shi a kango ko a bakin kwata yana ta kuka, ko kuwa maƙwabciya ta aiko da shi saboda an kai mata kukan ɓeraye sun addabi sito, kuma sau da yawa an raba shi da uwarsa tun lokacin yaye bai yi ba. Daga nan sai a zuba masa madara a murfin gwangwani, a gutsura masa tuwo, a sake shi a tsakar gida. Kafin mako ya zagayo sai a ga yana zawo, ko ya daina kusantar abinci, ko cikinsa ya kumbura alhali haƙarƙarinsa yana fitowa, sannan a fara tambayar abin da ya same shi. Abin da ya kamata mai kiwo ya riƙe shi ne, a irin wannan ƙuruciya yadda ɗan kyanwa yake cin abinci shi ne alamar farko ta lafiyarsa, kuma jikinsa ba shi da ajiyar kitse ko ta sukari da za ta ba shi damar jiran gobe. Babbar mage tana iya yini ba ta ci ba ta kwana lafiya, amma jariri ɗan mako uku awanni kaɗan sun isa su galabaita shi.

A fara da sanin kwanakinsa da nauyinsa

Kafin a yanke shawarar abin da za a ba shi, sai an ƙiyasta kwanakinsa a duniya, domin abincin da ya dace da ɗan mako shida yana iya shaƙe ɗan mako biyu. Idan idanunsa a rufe suke, to da wuya ya wuce kwana goma, tun da sukan buɗe ne tsakanin kwana 7 zuwa 10. Haƙoran gaba suna fara tsirowa daga mako na biyu zuwa na uku, fiƙoƙi su biyo baya wajen mako na huɗu, kuma launin shuɗi da ake gani a idon kowane jariri yakan fara sauyawa ne wajen mako na shida ko na bakwai.

Bayan haka sai a nemi ƙaramin sikeli, irin wanda masu yin kek suke auna fulawa da shi. Ana haihuwar ɗan kyanwa da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a kowace rana, ta yadda zai haura giram 400 idan ya cika wata guda, ya kusa kilo ɗaya idan ya cika wata biyu. A riƙa ɗora shi a kan sikelin kullum a lokaci guda, misali bayan sallar asuba kafin a ciyar da shi, ana rubutawa a littafi. A ganina babu wani abu mai arha da yake ceton ransu kamar wannan, saboda gashi yana ɓoye rama, kuma ido ba ya gane raguwar giram 20, amma sikeli yana ganewa. Idan aka yi kwana biyu nauyin bai motsa ba, ko kuma ya ragu, to akwai matsala ko da ana ganin yana yawo yana wasa.

Wanda bai kai mako huɗu ba

Irin wannan jariri ba shi da abinci sai nono, kuma babu nonon da ya kai na uwarsa. Saboda haka idan an tsinci 'ya'yan kyanwa a wani lungu suna kwance shiru, jikinsu da ɗumi kuma cikinsu a cike, kada a yi gaggawar kwashe su, domin mai yiwuwa uwar ta fita neman abinci ne, za ta dawo. Idan kuwa an tabbata ta mutu ko ta watsar da su, sai a fara cigiyar wata mage mai shayarwa a unguwa, domin da yawa suna karɓar ɗan da ba nasu ba idan kwanakinsa sun yi kusa da na 'ya'yansu.

In hakan bai samu ba, akwai madarar gari da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, wadda ake nema a shagunan maganin dabbobi. Madarar shanu, ko ta gwangwani ce ko ta gari da muke shan shayi da ita, ba ta maye gurbinta. Sinadarin gina jikin da ke cikinta bai kai abin da ɗan kyanwa yake buƙata ba, sannan sukarin madara ya yi mata yawa, shi ya sa take tsinka masa ciki. Madarar jariran mutane ma haka take. Idan dare ya yi babu yadda za a yi, ana iya riƙe shi na kwana ɗaya ko biyu da dafaffen nonon akuya da aka kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, da sharaɗin a ci gaba da neman madarar da ta dace.

Yadda ake ba shi madarar yana da muhimmanci kamar madarar kanta. A ɗumama ta daidai ɗumin jiki, a ɗiga a bayan hannu a ji. A kwantar da shi a kan cikinsa kamar yadda yake yi a jikin uwarsa, a ɗan ɗaga kansa, a riƙa ba shi da ƙaramin sirinji marar allura, ɗigo bayan ɗigo, ana jira ya haɗiye. Kada a taɓa kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, kuma kada a matse sirinjin da ƙarfi, domin madarar takan sauka a huhu ta jawo ciwon da yake kashe su cikin kwanaki. Idan aka ga madara tana fitowa ta hanci, a dakata nan take. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a zama ɗaya, saboda haka a makon farko ana ciyar da shi duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare, sannan a riƙa tsawaita tazarar yayin da yake girma. Bayan kowane shan madara a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa masa ƙasan wutsiya a hankali har ya yi fitsari ko kashi, saboda kafin mako uku ba ya iya yi da kansa sai uwa ta lashe shi.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi shafar mu a lokacin hunturu, wato daga Disamba zuwa Janairu lokacin da sanyin asuba yake tsanani: ba a ciyar da jaririn da jikinsa ya yi sanyi. Idan an taɓa kunnuwansa da tafin ƙafarsa da cikin bakinsa an ji sanyi, to hanjinsa ya tsaya da aiki, kuma madarar da aka ɗura masa za ta zauna ne ta lalace a ciki. Sai a fara ɗumama shi sannu a hankali, ko a sa shi a cikin riga a jikin mutum, ko a cika gora da ruwan ɗumi a naɗe ta da tsumma a ajiye kusa da shi a cikin kwali, tare da bar masa wurin da zai matsa idan zafi ya ishe shi. Kada a ajiye shi kusa da kaskon gawayi a ɗakin da yake rufe.

Yaye da abincin da ya dace

Daga mako na huɗu ake fara nuna masa abinci mai laushi. A kwaɓa abincin 'ya'yan kyanwa na gwangwani, ko dafaffen naman kaza da aka niƙa lukui, da ɗan madararsa har ya yi ruwa-ruwa, a zuba a faranti marar zurfi, a shafa masa kaɗan a leɓe don ya ɗanɗana. Zai taka, zai ɓata jikinsa, kuma ba abin damuwa ba ne. Ana rage ruwan a hankali har zuwa mako na takwas, lokacin da ya kamata ya iya cin abinci sosai. Wannan ne ma ya sa bai kamata a raba ɗan kyanwa da uwarsa kafin wata biyu ba, duk yadda mai roƙo ya matsa. Daga yaye zuwa wata uku a ba shi abinci sau huɗu a rana, zuwa wata shida sau uku, bayan nan sau biyu ya wadatar.

A nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Kyanwa dabba ce mai cin nama zalla a halittarta, ba kamar kare ba wanda yake iya rayuwa a kan ragowar abincin gida. Tuwo da shinkafa da burodi suna cika mata ciki amma ba sa gina ta. Akwai wani sinadari mai suna taurin wanda ba a samun sa sai a nama, musamman zuciya da naman cinyar kaza da kifi, kuma jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshensa da kansa. Rashinsa yana lalata ido a hankali har ya kai ga makanta, kuma a shekarar 1987 masu bincike a Amurka suka tabbatar da cewa yana raunana tsokar zuciya, abin da ya sa kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara yawansa a cikin abin da suke sayarwa. Abincin kare ba a haɗa shi da wannan lissafi ba, saboda haka ba a ciyar da ɗan kyanwa da shi.

Miyarmu kuma tana da nata haɗari. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko garinsu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma da wuya a sami tukunyar miya a garin nan da babu albasa a cikinta. Idan za a ba shi nama ko kifi daga cefanen gida, a cire nasa kafin a zuba kayan miya, a dafa da ruwa kawai, ba gishiri, ba ɗunƙule, ba yaji. Shayi da kofi da cakulan ma ba nasa ba ne.

Wanda ya ji wannan bayani yana iya cewa to ai sai ya riƙa sayo masa tsoka wajen mahauta kullum, amma tsoka kaɗai ma tana da illa ga mai tasowa. A dawa kyanwa tana cinye ɓera ne da ƙashinsa da kayan cikinsa, ta haka take samun sinadarin gina ƙashi. Tsoka zalla ba ta da shi, kuma ɗan kyanwar da aka raina a kanta na watanni yakan fara ɗingishi, ya ƙi tsalle, ƙashinsa ya yi laushi har ya karye a ɗan faɗuwa kaɗan. Hanta kuwa a ba shi ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako, domin yawan ta yana tara sinadarin bitamin A fiye da kima ya sandarar da ƙashin wuya. Kifi a dafa shi a tsince ƙaya tsaf, kuma kada ya zama shi ne abincin kullum. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa abincin 'ya'yan kyanwa na kamfani ya zama ginshiƙi, ana ƙara masa dafaffen nama da ƙwai. Wanda bai da halin haka, kuma na san tsadar abincin gwangwani ba ƙarama ba ce, ya je wurin likitan dabbobi ya tsara masa haɗin gida, ya faɗa masa adadin garin ɓawon ƙwai da zai riƙa barbaɗawa a kan naman.

A lokacin bazara, musamman Maris da Afrilu, abinci mai ruwa ba ya jimawa yake tsami, ga ƙudaje ga kiyashi. Abin da bai cinye ba cikin rabin awa a ɗauke, a wanke farantin, kuma kada a dogara da firjin da wutarsa take zuwa tana ɗaukewa. Ruwan sha mai tsabta ya kasance a gabansa dare da rana.

Halayen ci da abin da suke nufi

Ƙin cin abinci shi ne abin da ya fi tayar da hankali, kuma ya cancanci haka. Idan sabon zuwa ne, yana iya ɓuya ya ƙi ci na wasu awanni saboda tsoro, sai a ajiye masa abinci a lungu mai shiru a hana yara ɗaukarsa. Idan ba sabo ba ne, a duba hancinsa da idanunsa. Kyanwa da hanci take sanin abinci, kuma murar kyanwa, wadda take zuwa da atishawa da majina da kwantsa, tana toshe hancin har ya tsaya a gaban faranti bai san abinci ba ne. A goge masa hanci da ido da auduga mai ɗumi, a ɗan ɗumama abincin don ƙamshinsa ya tashi. A buɗe bakinsa kuma a duba harshe, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar murar tana fitar da gyambo a harshe, sai a ga yana matsowa da yunwa, ya lasa sau ɗaya ya ja da baya yana dalalar da yawu. Tsakanin wata uku da rabi zuwa shida, lokacin da haƙoran nono 26 suke zubewa na dindindin 30 suna fitowa, yakan ɗan rage cin abu mai tauri, kuma jiƙa masa abincin ya wadatar. Ko mene ne dalili, ɗan wata biyu zuwa uku da ya yi awa 12 bai ci komai ba yana buƙatar likita a ranar, wanda bai kai haka ba kuwa ƙin sha sau biyu a jere ya isa dalili.

Akwai kuma mai haɗama, wanda yake afka wa abinci yana gurnani, ya haɗiye ba tauna, bayan 'yan mintuna ya amayar da shi yadda ya shiga. Galibi wannan hali ne na wanda ya sha yunwa a waje ko wanda 'yan'uwansa suke ture shi. Duka ko tsawa ba sa gyara shi. A rage yawan abin da ake zubawa a ƙara yawan lokutan ci, a baza abincin a faffaɗan faranti, a kuma ware masa wurinsa shi kaɗai, sannu a hankali zai natsu idan ya ga abinci ba ya yankewa. Tsotson bargo ko gefen zani kuma alama ce ta wanda aka yaye da wuri, ba shi da illa matuƙar ba ya yagar zaren yana haɗiyewa.

Cin abin da ba abinci ba ya fi waɗannan haɗari. Ɗan kyanwar da yake lasar ƙasa ko siminti, ko yake cin yashin da aka zuba masa don bayan gida, a ɗaga leɓensa a dubi dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai haske, idan kuwa ya yi fari fat to jininsa ya yi ƙasa. Zaren ɗinki da zaren kitso da robar ɗaure kuɗi da leda mai ƙamshin nama duk suna jan hankalinsa, saboda haka gidan da ake ɗinki ko saƙa sai an ninka kula. Zare idan ya shiga hanji yakan tattare shi har ya yanka shi. Idan aka ga bakin zare yana leƙowa daga baki ko dubura, kada a ja, a kai shi asibiti yadda yake.

Tsutsar ciki, ƙuma da gubar da ke cikin gida

Mai ci da yawa amma ba ya ƙiba, cikinsa tulu, gashinsa a hargitse, mafi yawanci tsutsar ciki ce take cin rabonsa. Dogayen fararen tsutsotsi suna shiga jikinsa tun daga nonon uwa, shi ya sa likitoci suke ɗaukar cewa kusan kowane ɗan kyanwa yana da su, suna fara ba da magani daga mako na uku, ana maimaitawa duk bayan mako biyu har ya kai wata biyu, sannan wata-wata har wata shida. Adadin maganin da nauyin jiki ake auna shi, a nan ma littafin awo zai yi amfani. Idan kuwa ana ganin wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a maƙale ƙasan wutsiya, wannan wata tsutsa ce daban da ƙuma take yaɗawa, kuma maganinta daban ne.

Ƙuma kanta tana iya shanye jinin jariri har ya mutu. Ga ƙanana, a yi masa wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a taje ƙumar da matsefi mai ƙananan haƙora, a tsane shi sosai a ɗumama shi, a kuma wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi. Kada a shafa masa kananzir ko baƙin mai ko fiya-fiya, kada a zuba Izal ko Dettol a ruwan wankansa, kuma kada a yi amfani da maganin kaskar kare ko na shanu, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin wanda yake sa kyanwa karkarwa da jijjiga har ta mutu. Duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Haka nan gidan da ya kawo kyanwa saboda ɓeraye dole ne ya kwashe shinkafar ɓera da sauran gubar da ya ajiye a lunguna, tun da ɗan kyanwa yana iya cin gubar ko ya ci ɓeran da ya ci ta.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya isar wa mutanen gidansa shi ne maganar farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya ta giram rabi tana iya kashe babbar mage, balle ɗan wata biyu. Duk maganin ciwon jiki ko na zazzaɓi da aka sayo a kemis don mutane, kada a ba shi ko da ɓari ne.

Lokacin da ba a jira

Zawo sau ɗaya bayan an sauya abinci, alhali yana ci yana wasa, ana iya sa masa ido na yini guda, kuma nan gaba a riƙa sauya abinci a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai ana gauraya sabo da tsoho. Amma zawo mai jini, ko amai da zawo tare, ko dasashi da ya bushe yana danƙo, ko numfashi da baki a buɗe, ko kwanciya a gaban ruwa ba tare da sha ba, duk suna buƙatar likita nan take. Na ƙarshen yana daga cikin alamun wata muguwar cutar hanji mai kashe fararen ƙwayoyin jini, wadda ƙwayarta take iya shekara guda a raye a cikin gida, kuma ruwan bilic ne yake kashe ta a daɓe da kwanuka. Idan aka same shi a sheme, jiki ba ƙarfi, kai yana rawa, a shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi da yatsa, a naɗe shi da tsumma mai ɗumi, a kama hanya ba tare da an ɗura masa komai a baki ba.

Rigakafin wannan cuta da na mura a haɗe suke a allura ɗaya, ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Allurar ciwon haukan kare kuma ana yi masa ita idan ya cika wata uku, domin kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗa wa mutum. Akwai likitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a cikin garin Kaduna, kuma abin da ya buƙaci tiyata ko gwaji mai zurfi ana iya kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Gara a nemi lambar likita tun ranar da ɗan kyanwa ya shigo gida. Idan za a je, a sa shi a kwali mai hudoji da tsumma a ciki, a tafi da littafin awo, da ɗan kashinsa na ranar a ƙulle a leda, da kwalin duk wani magani ko guba da ake zargin ya taɓa, a kuma iya faɗa wa likita lokacin da ya ci abinci na ƙarshe da abin da ya ci.